Likita Mila: Baturen da ya zauna cikin birnin Zazzau, amma Wusasa ta gaje shi

Duk wanda ya je Wusasa, a bayan garin Zariya, zai ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa mai bakan gizo irin na magina Hausawa. Tarihinta ba ya cika sai an ambaci Dakta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, duk da cewa shi kansa bai so a koma can ba.

An haifi Miller a Ingila a shekarar 1872, ya kuma karanci aikin likita a Landan kafin ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Ya fara koyon Hausa ne a Tarabulus ta Libiya, a bakin fatake da maniyyata. A 1900 ya biyo tawagar Bishop Herbert Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Alu ya umarce su da su bar garin, suka koma Girku da ke ƙasar Zazzau.

A 1905 ne ya samu izinin zama cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara maza. Burinsa shi ne masu sarauta da malamai su karɓi Kiristanci. Hakan bai samu ba. Jama'a sun karɓi magani, wasu sun kawo 'ya'yansu makaranta, amma 'yan ƙalilan ne suka sauya addini. Dangantakarsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi ta yi tsami, su ma jami'an mulkin mallaka suna ganin sa a matsayin mai jawo musu rigima.

Jama'ar da ta cika masa coci daga wani wuri ta fito. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi, wato zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa kan Annabi Isa. An kafa musu mazauni a Gimi, har aka yi makaranta da wurin ibada. Sai cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira da dama suka dawo Zariya.

Yayin da jama'a ke ƙaruwa, masarauta da gwamnati suka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa. Miller ya ƙi amincewa, domin a ganinsa barin birni watsi ne da aikin da ya kawo shi. Duk da haka, a 1929 aka tare a Wusasa ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen, aka gina majami'a, makaranta da asibiti. Shi kuwa Miller ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, inda a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda majami'u suka daɗe suna amfani da shi tun daga Zariya har Maraɗi da Damagaram.

Wurin da ya ƙi shi ne ya yi albarka. Daga al'ummar Wusasa aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko a Arewacin Najeriya, da Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Miller ya rasu a 1952 a yankin Jos. A yau Wusasa tana da dayosis nata na ɗarikar Angalika, kuma tsohon ginin ƙasar yana nan tsaye.