JONATHAN EDWARDS, MAI NEMAN MA'AUNIN BANGASKIYA

'Yan'uwa malamai da 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin wani mai wa'azi na ƙasar Amurka, sunansa Jonathan Edwards. Abin da ya sa na zaɓe shi, akwai wata tambaya da ya yi ta fama da ita dukan kwanakinsa, mu ma kuwa ba mu rabu da ita ba. Tambayar ita ce, ta yaya za a rarrabe bangaskiya ta gaske da ta jabu?

An haife shi ran 5 ga Oktoba, 1703, a East Windsor cikin lardin Connecticut, lokacin ƙasar tana hannun Sarauniyar Ingila. Ubansa Timothy fasto ne, yana kuma koyar da samari masu shirin shiga kwaleji. Su goma sha ɗaya ne a gidan, shi kaɗai ne namiji. Ya shiga kwalejin Yale cikin 1716 bai cika shekara 13 ba, ya gama cikin 1720. Tun yana saurayi mai lura da abubuwa ne ƙwarai, har ya rubuta bayani a kan yadda gizo-gizo ya ke sakin zarensa iska ta ɗauke shi daga wannan itace zuwa wancan. Bai kai shekara 20 ba ya tsara wa kansa ƙudurori guda 70 na yadda zai tafiyar da ransa, ya ɗaura niyyar karanta su sau ɗaya kowane mako.

Bayan ya koyar a Yale shekara biyu, cikin 1727 a ka naɗa shi mataimakin kakansa na wajen uwa, Solomon Stoddard, babban faston garin Northampton. A shekaran nan ya auri Sarah Pierpont, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya. Da kakan ya rasu cikin 1729, sai ekklesiyar duka ta koma hannunsa. Shi ba mai ɗaga murya ba ne, ba ya kuma yawan surutu da mutane. Yakan yi wajen sa'a 13 a ɗakin karatunsa kowace rana. In ya fita kan doki wani tunani ya zo masa, sai ya maƙala 'yar takarda a rigarsa don ya tuna ya rubuta in ya koma gida.

Cikin 1734 da 1735 a ka yi babbar falkaswa a Northampton. Cikin wata shida mutum wajen 300 su ka ce sun tuba. Samari su ka bar yawon dare, ko'ina a ka taru sai zancen ceto. Cikin 1740 kuma George Whitefield, mutumin Ingila, ya zo, ya bi garuruwa yana wa'azi, dubban mutane suna binsa. Ran 8 ga Yuli, 1741, Edwards ya yi wa'azinsa da ya fi shahara a garin Enfield, a kan masu zunubi da fushin Allah. Jama'a su ka ɓarke da kuka da kururuwa har ba a jin muryarsa.

To, a nan ne wahalar ta taso. Waɗansu na faɗuwa ƙasa, waɗansu na suma, waɗansu na cewa sun ga wahayi. Wani mai wa'azi, James Davenport, ya riƙa ambaton fastoci da sunansu yana cewa ba su tuba ba. Cikin Maris 1743, a New London, ya sa mabiyansa su ka hura wuta su ka ƙone littattafai, kashegari kuma ya ce a kawo tufafi masu tsada a ƙone. Daga baya ya janye ya nemi gafara, amma ɓarna ta riga ta auku. Jama'a su ka rabu biyu. Masu goyon bayan Charles Chauncy na Boston su ka ce yawancin abin ruɗu ne da zafin jini. Ɗaya ɓangaren su ka ce duk aikin Ruhu Mai Tsarki ne, wanda ya yi shakka kuwa maƙiyin Allah ne. Edwards bai bi ko ɗaya ba. Ya riga ya ga yadda da yawa cikin waɗanda su ka yi kuka a 1735 su ka koma halinsu na da, ya kuma ga waɗanda su ka sake sarai. Saboda haka ya zauna ya bincika Littafi Mai Tsarki, cikin 1746 ya fitar da littafin da a ke kira Religious Affections, watau bayani a kan motsin zuciya cikin addini.

Da fari ya nuna addinin da ba ya taɓa zuciya matacce ne. Akwai bambanci tsakanin mutumin da a ka gaya masa zuma na da zaƙi da wanda ya lasa. Wannan misali ya riga ya ba da shi cikin wani wa'azi tun 1734. Amma ya ce ba kowane motsin zuciya ne daga Allah ba. Ba wanda ya ke wahalar yin jabun tsakuwa, zinariya da azurfa a ke yi wa jabu, saboda haka ƙauna da tawali'u su ne su ka fi yawan jabu.

Sa'an nan ya jera abubuwa 12 waɗanda ba su tabbatar da kome, ba su nuna bangaskiyar mutum ta gaske ce, ba su kuma nuna ta ƙarya ce. A cikinsu akwai ƙarfin abin da mutum ya ji, da rawar jiki, da iya zancen addini, da faɗowar ayoyi cikin zuciya, da yawan zuwa sujada, da yawan yabon Allah da baki, da sakankancewar mutum cewa ya tsira, har da shaidar da mutanen kirki su ke yi masa. Ya tuna wa masu karatu Isra'ilawa sun yi waƙa a bakin Jan Teku, ba a daɗe ba su ka yi gunaguni. Taron da ya tarye Yesu da murna a Urushalima, ba a yi mako guda ba a ka ji wata irin murya a birnin. Ku dubi wannan jeri da kyau, gama da waɗannan abubuwa ne mu kan auna juna a ɗakin kwana da wurin taron addu'a.

Bayan haka ya kawo alamu 12 na gaske. Ba zan bi su ɗaya ɗaya ba, amma ga gindinsu. Mai bi na ƙwarai yana ƙaunar Allah saboda kyan tsarkinsa, ba don abin da zai samu kaɗai ba. Yana da tawali'u, har ba ya ganin tawali'unsa wani abu ne. Halinsa ya sake, ya ɗauko halin Yesu na ɗan rago da kurciya, watau haƙuri da gafara da jinƙai. Zuciyarsa na ƙara taushi game da zunubi. Halayensa sun daidaita, ba ya zama mai zafi a majami'a mugu a gida, ba ya kuka don rayukan mutane ya ƙyale cikinsu da yunwa. Yana ƙara jin ƙishin Allah, munafuki kuwa da ya ga kamar ya samu sai ya huta. Edwards ya kamanta munafuki da tauraruwa mai wutsiya, wadda ta ke haske ƙwarai 'yan kwanaki ta ɓace, mai bi kuwa da taurarin da su ke nan kullum.

Alama ta 12 ita ce ya ce ta fi duka, ya kuma fi tsawaita bayani a kanta. Ita ce aikin mutum na yau da kullum, wanda ya dawwama a kai har lokacin gwaji. Ya ba da misalin itatuwa da su kan cika da fure, amma ba kowane fure ne ya ke zama 'ya'ya ba. Mu da mu ka san mangwaro ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A nan ne koyarwarsa ta haɗu da abin da Manzo Bulus ya umarci Afisawa a farkon sura ta 5, cewa su yi koyi da Allah yadda 'ya'ya su ke koyi da ubansu. A ganin Edwards, Ruhu Mai Tsarki in ya zauna cikin mutum yakan ba shi rabo cikin halin Allah, sai kamannin ya fito. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Allah mai gaskiya ne, mai jinƙai, mai gafara, wanda ya ce shi ɗansa ne kuwa sai a ga waɗannan a cinikinsa da maganarsa. Duk da haka ya gargaɗi mutane kada su ɗauki alamun nan su riƙa yanke wa maƙwabta hukunci, gama Allah kaɗai ya san zuciya. An ba da su ne domin kowa ya auna kansa.

Ba a daɗe ba a ka auna shi kansa. Cikin 1744 waɗansu samari su ka sami wani littafin unguwarzoma suna yi wa 'yan mata ba'a da abin da ke ciki. Edwards ya karanta sunaye a gaban jama'a, bai rarrabe masu laifi da shaidu ba, manyan gidaje su ka ji haushi. Sa'an nan ga maganar Jibin Ubangiji. Kakansa ya saba karɓar duk wanda ya yarda da koyarwar ekklesiya, ba shi kuma da abin kunya a fili. Edwards ya bi wannan al'ada wajen shekara 20, daga baya ya ga ba daidai ba ne, ya ce sai mutum ya shaida da bakinsa ya ba da zuciyarsa ga Allah. Ya san abin zai iya cin aikinsa, ga iyali da yawa, amma ya faɗa. Ran 22 ga Yuni, 1750, a ka sallame shi. Fiye da mutum 200 su ka goyi bayan korar, wajen 20 kaɗai su ka tsaya masa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɗaya daga cikin fastocin da su ka zauna shari'ar ya rubuta cewa duk makon nan bai ga alamar fushi a fuskarsa ba. Ya yi wa'azin ban kwana ba zagi, ya tuna musu shi da su za su sake gamuwa a gaban Mai Shari'a. Da su ka rasa mai wa'azi, su ka riƙa roƙonsa mako mako, ya kuwa hau ya yi musu har watanni. Joseph Hawley, ɗan'uwansa wanda ya ja gaban masu korarsa, daga baya ya nemi gafara, cikin 1760 har ya sa a ka buga tubansa a jarida.

Cikin 1751 ya koma Stockbridge, wani ƙauye a bakin daji, ya zama mai bishara ga 'yan asalin ƙasar, kabilun Mohikan da Mohok, yana wa'azi ta bakin tafinta. Bashi ya yi masa yawa, har 'ya'yansa mata na yin mafitai na sayarwa, shi kuwa yana rubutu a kan guntayen takardun da su ka rage. Ya yi ta jayayya da waɗansu Turawa masu ƙarfi waɗanda su ke cin moriyar kuɗin makarantar yaran. Wasiƙar da ya rubuta a kan makarantan nan a shekarar ta shafe mu. Ya ƙi koyarwar da yaro zai haddace kalmomi bai san ma'anarsu ba. Ya ce malami ya riƙa hira da yara, yana yi musu tambaya, yana sa su su ma su yi tambaya, a ba su labarai, a koya musu waƙa, a kuma koyar da 'yan mata kamar maza. Haddar da ba fahimta da addinin da ba sakewar hali, a wurinsa ciwo ɗaya ne.

Akwai wani abu kuma da ba zan ɓoye muku ba. Edwards ya mallaki bayi. Cikin 1731 ya tafi Newport ya sayi wata yarinya baƙar fata mai kimanin shekara 14, wadda a ke kira Venus, a kan fam 80. Cikin 1741 ya rubuta yana kāre wani fasto mai bayi, ko da ya ke ya ƙi yarda da kamo mutane daga Afirka. Ya karɓi baƙaƙe cikin ekklesiya a kan su 'yan'uwa ne, amma har ya mutu akwai bawa a cikin dukiyarsa. In mun ɗora wannan a kan ma'aunin da shi ya ƙera, bai cika ba, gama Allah da ya fito da Isra'ila daga bauta ba ya ciniki da 'yar mutane. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Ɗansa Jonathan ƙarami da almajirinsa Samuel Hopkins su ne su ka bi koyarwarsa har inda shi bai kai ba, su ka yi wa'azi a fili cewa bauta zunubi ce.

Cikin Fabrairu 1758 a ka naɗa shi shugaban kwalejin da yanzu a ke kira Jami'ar Princeton. Ana agana a garin, sai ya yarda a yi masa lamba irin ta zamanin, wadda a kan ɗebi ruwan ƙurjin mai ciwo a sa wa mai lafiya. Ciwon ya kama maƙogwaronsa, ya rasu ran 22 ga Maris, 1758, yana da shekara 54.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba ku makarantu, waɗansu a ƙauyukan da ba mai duba ku sai yara. Ba za su tambaye ku abin da ku ka ji a taron falkaswa ba. Za su ga ko kuna zuwa aji kan lokaci, ko kuɗin da a ka ba ku amana ya cika, ko kuna ba ɗan talaka makin da ya cancanta, da yadda ku ke yi sa'ad da a ka ɓata muku rai. Kowa ya ɗauki ma'aunin nan ya fara da kansa, ya kuma roƙi Allah ya nuna masa laifin da ya saba da shi har ya daina ganinsa. Allah ya taimake mu, amin.