Audu Bako

Alhaji Audu Bako (1924 – 1980) babban jami'in ɗan sandan Najeriya ne, kuma shi ne gwamnan farko na Jihar Kano. Ya riƙe muƙamin daga watan Mayun 1967 zuwa watan Yulin 1975, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da Jihar Kano ta haɗa har da ƙasar Jigawa ta yanzu. An fi saninsa da gina madatsun ruwa, musamman Tiga da Bagauda, waɗanda suka kafa tushen noman rani na zamani a ƙasar Kano.

Farkon rayuwa da aikin ɗan sanda

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a shekarar 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya daɗe a bakin aiki. Ya yi karatu a Kaduna, sannan ya wuce makarantar Midil ta Zariya. A shekarar 1942 ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai mataimakin kwamishina, yana kula da harkar 'yan doka na En'e-En'e a Jihar Arewa. Wannan aiki ya zagaya da shi lardunan Arewa, ya kuma san yadda mulkin gargajiya yake tafiya tun daga fadar sarki har zuwa ƙofar mai unguwa.

Gwamnan Kano

A ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu, ya naɗa Audu Bako gwamnan Kano. Ya tarar da jiha mai yawan jama'a, wadda mafi yawan mutanenta manoma ne masu ƙananan gonaki. Abincinsu gero da dawa da wake, kuɗinsu kuwa gyaɗa da auduga. A majalisarsa akwai kwamishinoni irin su Yusuf Maitama Sule, Tanko Yakasai, Aminu Dantata da Inuwa Dutse.

A shekarunsa na farko aka yi wa tsarin En'e garambawul, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun masarautu, aka kuma rarraba ƙasar zuwa yankunan mulki. An gina sakateriyar jiha, da gidan zu na Kano, da otal ɗin Bagauda, da hanyoyi da makarantu.

Madatsun ruwa da noman rani

Matsalar da Audu Bako ya sa a gaba a bayyane take. Damina a ƙasar Kano wata huɗu ce ko biyar. Ruwa ya sauka, koguna su cika su yi ambaliya su wuce gabas, sannan a shiga rani mai tsawo. Idan aka gama kaka, magidanci ba shi da aikin gona sai wata daminar, don haka matasa kan tafi cin rani birni ko kudu. Wanda yake da fadama ne kaɗai kan yi lambu, shi ma da jigo da guga, gwargwadon ƙarfin damtsensa. Idan kuwa damina ta yi gardama, rumbu kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, talaka ya ci bashi ya biya da amfanin da bai girbe ba.

Manufarsa ita ce a tare ruwan damina a ajiye, a riƙa sakinsa da rani. A 1969 aka fara aikin dam ɗin Bagauda, wanda ya shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Daga nan aka shiga babban aikin, wato dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka fara a farkon shekarun 1970 aka kammala a 1974. Bangonsa na ƙasa ne, tsawonsa ya kusa kilomita 6, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga Tiga ruwa yake bin babbar kwata ya gangara da kansa, ba tare da injin turawa ba, zuwa filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000. Wani abin lura shi ne gwamnatin jiha ta fi dogara da ma'aikatanta da injinanta wajen gina madatsun, kuma daga wannan tsari hukumar WRECA ta samo asali.

Ana tsakiyar aikin sai fari ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974. Dabbobi sun mutu, hatsi ya yi tsada. A 1975 kuma cuta ta lalata gyaɗa, abin da ya ƙarasa dalar gyaɗar Kano. Waɗannan abubuwa sun sa masu ganin aikin dam ɓarnar kuɗi ne suka rage murya. Wasu madatsun da aka tsara a zamaninsa, irin su Tomas, Jakara, Watari da Kafin Ciri, sai bayan saukarsa aka kammala su. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi Tiga da shirin noman ranin Kogin Kano.

Tasiri a Wudil da ƙasan kogi

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, su zama kogin da yake ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Kafin Tiga, wannan kogi na damina ne: ya cika ya tumbatsa a watan Agusta, da rani kuma ya koma yashi da 'yan kududdufai, mutane na tonon ruwa a cikinsa. Tun da aka fara sakin ruwa daga dam, kogin ya koma mai gudana duk shekara. Ko da yake Wudil ba ta cikin filayen da kwatocin shirin suka kai wa ruwa, manoman bakin kogi sun samu damar noma albasa, tumatir, tattasai, masara da shinkafa da rani, musamman bayan da ƙananan injinan ban ruwa suka maye gurbin jigo a shekarun 1980. Masunta da makiyaya masu kawo shanu karar Wudil su ma suna amfana da ruwan.

Can ƙasa kuwa labarin ya bambanta. Ambaliyar shekara-shekara da take cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, alhali da ita ake noman shinkafa, ake su, ake kiwo. Ruwan da ba ya yankewa ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa da cinye gonaki. Matsalar ta ƙaru bayan kammala dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992.

Muhawara kan amfanin shirin ga talaka

Babu gardama cewa noman rani ya canza Kura da maƙwabtanta. Yankin ya zama cibiyar shinkafa da tumatir, kasuwar Kwanar Gafan tana loda motoci zuwa kudu, mata suna samun kuɗi a turara shinkafa da shanyar tumatir, 'yan ƙwadago kuma suna zuwa daga nesa. Alkama ta yi kasuwa bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987.

Sai dai rabon ribar bai zo daidai ba. Ruwan Tiga ya tashi dubban mutane daga garuruwansu, da yawa kuma sun koka kan diyya da ingancin filayen da aka ba su. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa noman alkama yana buƙatar taki, tarakta da kuɗin ƙwadago waɗanda ƙaramin manomi ba shi da su, don haka wasu suka riƙa ba da gonakinsu haya ga attajirai da ma'aikatan gwamnati. Wajen baje filaye an sare itatuwan gona irin su ɗorawa da kuka, waɗanda gidaje suke samun miya da ɗan kuɗin kashewa daga gare su. Dawa ma, wadda ita ce abincin gida, ta zama matsala domin takan daɗe a gona har ta shiga lokacin shuka alkama. A nan ne raunin shirin ya fi fitowa, domin an fi ba da ƙarfi ga kankare da kwata fiye da bashin noma, wurin ajiya da kasuwa. Har yau tumatir yakan ruɓe a Kadawa idan ya yi yawa. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da dukiya, daga baya aka sake gina shi.

Sauka daga mulki da rasuwa

A ranar 29 ga Yuli 1975 aka kifar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammad ya hau, Kanar Sani Bello kuma ya gaji Audu Bako a Kano. Kwamitin binciken kadarori da sabuwar gwamnati ta kafa ya wanke biyu ne kawai daga cikin gwamnoni goma sha biyu, wato Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi, kuma Audu Bako yana cikin sauran goman. Bayan barin aiki ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato. Ya rasu a shekarar 1980.

An sanya sunansa a sakateriyar Jihar Kano, da gidan zu, da wani babban titi a unguwar Nasarawa, da Kwalejin Aikin Gona da ke Dambatta.