Marigayi Alhaji Audu Bako, Gwamnan Farko na Jihar Kano Kuma Jagoran Noman Rani

Idan ana lissafin shugabannin da suka bar wa manoma da masunta na wannan jiha tamu abin gado, sunan Marigayi Alhaji Audu Bako ne yakan zo a sahun farko. Shi ne gwamnan farko na tsohuwar jihar Kano, wadda ta haɗa Kano da Jigawa na yanzu, kuma a zamaninsa ne aka ɗora harsashin madatsun ruwan da muke noman rani da kamun kifi a cikinsu.

Haihuwarsa da aikin ɗan sanda

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi karatun farko a Kaduna, sannan ya wuce makarantar Midil ta Zariya. A shekarar 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta samun ƙarin girma har aka ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya sa ya san lardunan Arewa, ya san sarakuna da hakimai, ya kuma ga halin da mutanen karkara suke ciki.

Jihar da ya gada

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, ya naɗa Audu Bako gwamnan jihar Kano. Ya tarar da jiha mai yawan jama'a da ƙarancin gonaki, wadda arzikinta ya rataya a kan damina ɗaya ta wata huɗu zuwa biyar. Gyaɗa ce ke kawo kuɗi, gero da dawa ke ciyar da gida. Da zarar an gama kaka sai samari su fita cirani, koguna kuwa su kwashe ruwan damina su wuce da shi, su bar yashi.

Akwai ma'adinai a jihar, musamman kuzar Riruwai da ake haƙa tun zamanin Turawa, amma doka ta sanya haƙar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Abin da jiha take da iko a kansa shi ne gona da dabbobi da daji da kifi, kuma dukkansu sai da ruwa. Saboda haka gwamnan ya ba Ma'aikatar Gona da Albarkatun Ƙasa muhimmanci na musamman, ya damƙa ta ga Alhaji Inuwa Dutse, a majalisar kwamishinonin da ta ƙunshi mutane irin su Alhaji Maitama Sule da Alhaji Tanko Yakasai da Alhaji Aminu Ɗantata.

Bagauda da Tiga

A shekarar 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka fara gina madatsar ruwa ta Bagauda domin shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Da aka ga alkama da tumatir sun yi kyau a wurin, sai aka ɗauki babban aiki, wato madatsar Tiga a kan kogin Kano, wadda aka fara a farkon shekarun 1970 aka kammala a 1974. Tiga tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. An gina ta a wuri mai tudu, don haka ruwan kan gangara da kansa ya bi ta tafkin Ruwan Kanya, ya shiga babbar hanyar ruwa, daga nan a rarraba shi ta ƙananan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, ba tare da an kunna inji ba.

Ana cikin wannan aiki ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu. A 1975 kuma cutar gyaɗa ta shafe amfanin shekarar, dalar gyaɗa ta Kano ta kama hanyar zama tarihi. Waɗannan masifu biyu sun nuna wa kowa hikimar tanadin ruwa. Bayan Tiga da Bagauda, shirin da aka tsara a zamaninsa ya haifar da madatsu matsakaita a sassan jihar, irin su Tomas da Jakara da Watari, waɗanda aka kammala bayan ya bar mulki. Madatsun nan sun ba garuruwa ruwan sha, sun ba makiyaya mashaya, sun kuma buɗe wa masunta sana'ar da ba ta yankewa rani da damina.

Bai tsaya kan noma kaɗai ba. Ya yi gyara ga tsarin En'e, ya ƙarfafa ilmin 'ya'ya mata, ya kafa gidan namun daji na Kano da otal ɗin tafkin Bagauda. Sakatariyar gwamnatin jiha da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta duk suna ɗauke da sunansa.

Abin da ruwan ya jawo wa wasu

Adalci ne mu faɗi cewa ba kowa ne ya ci ribar wannan aiki ba. Ruwan Tiga ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi mazaunansu zuwa sababbin matsugunai. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu. Ruwan da ake saki har da rani ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Matsalar ta ƙaru bayan kammala madatsar Challawa a 1992. Tun da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, kula da Tiga ya koma hannun Tarayya, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, rabon wannan ruwa ya zama batu tsakanin jihohi maƙwabta.

Ƙarshen mulkinsa da rasuwarsa

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, wanda ya kawo Janar Murtala Muhammed. Sabuwar gwamnati ta binciki kadarorin tsofaffin gwamnoni 12, ta sami goma da laifi, har da shi. Daga nan ya koma jihar Sakkwato ta wancan lokaci ya rungumi noma, har Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1980.

Nauyin da ya rage a kanmu

Duk buhun shinkafar da ya fito daga Kura, duk kwandon tumatirin da aka ɗora a mota a Kwanar Gafan, akwai hannun wannan bawan Allah a ciki. Amma madatsa ba ta kula da kanta. Magudanar da yashi ya cike ba ta kai ruwa gonar ƙarshe, wanda ya fasa bangon hanyar ruwa ya cuci na ƙasa da shi, mai kama 'ya'yan kifi da ƙaramin raga ko mai zuba guba a ruwa kuwa ya cinye rabon baɗi. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoma su haɗa kai wajen yashe magudanai, da hana noma a gaɓar tafki, da tuna cewa akwai 'yan uwanmu a Haɗejiya da Nguru waɗanda su ma suke da hakki a cikin wannan ruwa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Audu Bako, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ya bari.