Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Aika Ilimi Ƙauyuka A Bakin Waƙa



Wani dare cikin hunturun da ya wuce, ina wanke-wanke a gidanmu da ke Jamaica, sai na ji bakina yana rera Tabbat Haƙiƙa, waƙar da kakata take yi a Sakkwato idan tana kaɗi. 'Yata, wadda aka haifa a nan Queens, ta tambaye ni ko waƙar wa ce. Na ce Nana Asma'u ce ta sa ta cikin Hausa. Ta sake tambaya ko wace ce ita. Tambayar ta yi mini nauyi, domin yarinyar tana iya jero mawaƙan Amurka ba tare da ta tsaya ba, amma ba ta taɓa jin sunan matar da ta koyar da kakanninta addini ba. Ga tarihin da na ba ta, na kuma ga ya dace in raba da ku.

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye ne ita da Hassan, amma maimakon Shehu ya kira ta Husaina kamar yadda aka saba, sai ya sanya mata sunan Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da annoba da mutuwar malamai a shekarun jihadi, har zuwa cin Alkalawa a 1808. Ta auri Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma mallaki Larabci da Fulfulde da Hausa da harshen Buzaye. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tattara rubuce-rubucensa suka adana. Ayyukanta da suka iso gare mu sun haura 60. Daga cikinsu akwai waƙar da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani domin sauƙaƙa hadda, da wadda ta ambaci salihan mata tun daga iyalan gidan Annabi (SAW), da tarihin jihadi da aka sani da Waƙar Gewaye. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu ne ya yi ta da Fulfulde, ita ta mayar da ita Hausa a 1831. Waƙa ce da ke tunatar da masu mulki da talakawa cewa akwai hisabi.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwarta shi ne dalilin da ya sa ta zaɓi waƙa. Yaƙi ya bar mata da yawa a ƙauyuka, zawarawa da waɗanda aka kamo, ba su iya karatu ba, aure da raino kuma sun hana su zuwa gaban malami. Asma'u ta lura cewa takarda ba za ta kai gare su ba, amma murya za ta kai. Mace tana iya riƙe baiti a ka tana daka, tana kaɗi, tana goyo. Saboda haka ta zuba tauhidi da hukuncin sallah da tarihin Manzo cikin baitoci masu kari da amsa-amo, waɗanda kunne ke kamawa da wuri.

Daga nan ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai ilimi da amana, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su tako daga ƙauyensu zuwa wurinta, su karɓi karatu, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Malfa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Asma'u ba ta jefar da alamar da mata suka sani ba, sai ta ɗora ta a kan malama. Kuma ba ta raina ɗalibanta ba: kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, haka ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a nan Amurka, da fassarar Ingilishi.

Yau mu ne mutanen ƙauyen nesa. Da yawa daga cikinmu muna fita tun asuba mu kama jirgin ƙasa a Sutphin Boulevard, ba mu dawowa sai bayan isha'i. 'Ya'yanmu suna zuwa Islamiyya ƙarshen mako tare da yaran Bangladesh da Guyana, alhamdulillahi, amma Hausar da za su ji wa'azin iyayensu da ita tana zubewa a hankali. Dabarar Asma'u ba ta neman aji ko kuɗi. Uwa ɗaya take nema, wadda ta riƙe baiti kuma ba ta jin kunyar rera shi a ɗakin girki.

Ni dai na fara. Kowace Asabar ina koya wa 'yata baiti ɗaya tare da ma'anarsa. Har yanzu harshenta yana tuntuɓe a kan wasu haruffa, amma karin ya zauna mata, irin na kakata sak. Ina roƙon iyayenmu mata da ke cikin wannan ƙungiya, duk wadda ta san wata waƙa ta Nana, ta zo da ita taronmu na gaba mu ɗauka kafin ta ɓace.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya haskaka makwancinta, Ya shirya mana zuriya. Amin.