James D. Hardy (1918-2003): Rayuwarsa da Dashen Huhu na Farko a Jikin Ɗan'adam

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar James Daniel Hardy, likitan tiyata ɗan ƙasar Amurka wanda ya fara dasa huhun mutum a jikin wani mutum a shekarar 1963. An duba tasowarsa da karatunsa da manyan ayyukan tiyata biyu da suka fito da sunansa, sannan aka auna su da abin da ya biyo baya. An gano cewa ƙwarewar hannu ta riga ilimin kula da majinyaci samuwa da kimanin shekara 20, kuma batun yardar majinyaci shi ne ɓangaren tarihinsa da ya fi jawo taƙaddama.

1.0 Gabatarwa

Daga cikin gaɓoɓin da likitoci ke dasawa, huhu na cikin waɗanda suka fi wuyar sha'ani. Ƙoda da hanta suna ɓoye a cikin jiki, amma huhu yana cuɗanya da iskar waje a kowane numfashi, tare da ƙura da ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Haka kuma garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar gaɓa a matsayin baƙuwa, sai ta far mata. Idan aka ba majinyaci maganin da zai rage ƙarfin garkuwar domin kare huhun, an buɗe wa cututtuka ƙofa ke nan. A cikin wannan tsaka-mai-wuya Hardy ya yi aikinsa, kuma da ita ya kamata a auna nasararsa da gazawarsa.

2.0 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Hardy ranar 14 ga Mayu, 1918 a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Ya tashi a ƙauyen Newala, inda mahaifinsa ke da masana'antar farar ƙasa. Ya yi karatun share fagen likitanci a Jami'ar Alabama, daga nan ya wuce Jami'ar Pennsylvania, inda ya sami digirin likita a 1942. Ya yi aiki a sashen lafiya na rundunar sojan Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya koma Pennsylvania ya kammala horon tiyata, sannan ya shugabanci binciken tiyata a Jami'ar Tennessee da ke Memphis.

A 1955 aka buɗe sabuwar cibiyar koyar da likitanci ta Jami'ar Misisifi a birnin Jackson, aka naɗa shi shugaban sashen tiyata yana ɗan shekara 37. Ya riƙe wannan muƙami har zuwa 1987. Misisifi na cikin jihohin Amurka mafiya talauci, kuma a wancan zamani dokokin wariyar launin fata na aiki a cikinta. Ba wurin da ake sa ran wani sabon abu na ilimin tiyata zai ɓullo ba ne.

3.0 Shekarun Gwaji da Dashen 1963

Ba Hardy ne ya fara tunanin dashen huhu ba. Tun a 1947 Vladimir Demikhov na Tarayyar Sobiyet ya dasa huhu a jikin kare, haka ma Henri Metras na Faransa a 1950. Hardy da abokan aikinsa sun shafe kimanin shekara bakwai suna maimaita irin wannan aiki a kan ɗaruruwan karnuka, har hannunsu ya faɗa wajen haɗa abubuwa uku: jijiyar da ke kai jini huhu, da jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya, da bututun iska. Suka kuma gindaya wa kansu sharuɗɗan zaɓar majinyaci na farko. Dole cutarsa ta kasance mai kisa ce, a kuma sami kyakkyawan zaton dashen zai amfane shi, sannan huhun da za a cire ya zama wanda ya riga ya daina aiki.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne John Russell, ɗan shekara 58, fursunan da ke zaman ɗaurin rai da rai bisa laifin kisan kai. Ciwon daji ya toshe bututun iskar huhunsa na hagu, huhun na dama ma ya yi rauni, ga kuma ciwon ƙoda. Ranar 11 ga Yuni, 1963 wani mutum ya rasu a asibitin sakamakon bugun zuciya, iyalansa suka amince a ɗauki huhunsa. A daren Hardy da Watts Webb da sauran tawagarsu suka cire huhun Russell na hagu suka maye gurbinsa. Sabon huhun ya kama aiki nan take. Domin hana jiki ƙin karɓarsa, aka yi amfani da magungunan azatiyofirin da firednison da kuma gashin kobal.

Russell ya rayu kwana 18, ya rasu sakamakon gazawar ƙoda. Binciken gawarsa bai nuna wata babbar alamar cewa jikinsa ya ƙi huhun ba. Labarin aikin bai sami gurbi sosai a jaridu ba, domin a wannan dare, jim kaɗan bayan ƙarfe sha biyu, aka harbe Medgar Evers, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa, aka kawo shi wannan asibiti, a nan kuma ya cika.

4.0 Batun Yardar Majinyaci

Rahoton da tawagar ta wallafa a ƙarshen 1963 ya nuna ba a tattauna batun sassauta hukunci da Russell ba, amma an tuntuɓi hukumomin jiha a asirce, suka nuna za su dube shi da idon rahama. Gwamna Ross Barnett ya yi masa afuwa kafin ya rasu. Tambayar da masana ɗa'ar likitanci ke yi ita ce, mutumin da ke ɗaure, ga ciwon ajali, yaya 'yancinsa na cewa a'a yake? Ko da ba a yi masa alkawarin komai ba, matsayinsa kaɗai ya isa ya karkata zaɓinsa.

Wannan tambaya ta ƙara tsanani bayan wata bakwai. Ranar 23 ga Janairu, 1964 Boyd Rush, ɗan shekara 68, yana gab da mutuwa saboda ciwon zuciya. A lokacin ba a amince da mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa ba, sai a 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fitar da ma'auninta. Saboda haka ba halin a cire zuciyar mutumin da ke kan na'urar numfashi matuƙar tana bugawa. Hardy ya dasa wa Rush zuciyar biri nau'in cimfanzi. Ta buga na kimanin sa'a ɗaya ko fiye kaɗan, ta tsaya, domin ta yi wa jikinsa ƙanƙanta. Rush ba ya cikin hayyacinsa, 'yar'uwarsa ce ta sa hannu a takardar yarda, kuma takardar ba ta ambaci biri ba. Hardy ya sha suka daga jama'a da takwarorinsa, ya janye daga dashen zuciya na wani lokaci. Christiaan Barnard na Afirka ta Kudu ne ya yi dashen zuciya daga mutum zuwa mutum ranar 3 ga Disamba, 1967, shi ma majinyacinsa kwana 18 ya yi.

5.0 Abin da Ya Rage Bayan Wuƙa

A shekaru 20 da suka biyo bayan aikin Hardy an yi yunƙurin dashen huhu kimanin sau 40 a duniya, kuma akasarin majinyatan ba su wuce 'yan makonni ba. Wanda ya fi daɗewa shi ne wani saurayi da Fritz Derom ya yi wa aiki a Ghent ta ƙasar Beljiyam a 1968, wanda ƙurar yashi ta lalata wa huhu a wurin sana'arsa. Ya rayu wata 10. Babbar matsalar ita ce ɗinkin bututun iska yakan ɓalle, domin jini ba ya isa wurin sosai bayan dashe, kuma magungunan sitiroyid na hana rauni warkewa.

Samuwar maganin saikulosforin ta ba da damar rage sitiroyid a kwanakin farko. Da shi Bruce Reitz ya yi dashen zuciya da huhu a haɗe a Stanford a 1981. Ranar 7 ga Nuwamba, 1983 Joel Cooper na Toronto a Kanada ya dasa huhu ɗaya, ya naɗe ɗinkin da tantanin kitsen ciki domin ya sami jini, majinyacin ya rayu fiye da shekara 6. Har yau wanda aka yi wa dashen huhu yana shan maganin rage garkuwa iya rayuwarsa, ana auna numfashinsa a kai a kai, ana sa ido kan cututtuka da kuma toshewar ƙananan hanyoyin iska a hankali, wadda ita ce babbar barazana bayan shekarar farko.

Hardy ya ga duk wannan da idonsa. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, ya rubuta littattafai da dama, ciki har da tarihin rayuwarsa. Ya rasu ranar 19 ga Fabrairu, 2003 yana da shekara 84.

6.0 Kammalawa

Hardy ya tabbatar da cewa huhun mamaci zai iya numfashi a ƙirjin rayayye, amma tsawon ran majinyaci ya dogara ne ga magani da sa-ido na shekaru, abin da zamaninsa bai mallaka ba. Darasin ya shafi Nijeriya, inda aka fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, aka kuma haramta cinikin gaɓoɓi a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ya shafi Zamfara ma, domin ƙurar dutsen da masu haƙar zinare ke niƙawa a Anka da Bukkuyum irinta ce ta lalata huhun majinyacin Derom, kuma rigakafinta ya fi dashe araha nesa ba kusa ba. Ga masu nazarin Hausa kuwa akwai aiki a gaba: samar da kalmomin da likita zai bayyana wa majinyaci Bahaushe ainihin abin da za a yi masa da haɗarin da ke ciki, ta yadda hannun da zai sa a takarda zai zama yarda ta haƙiƙa.