Tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865. Shi ɗan Durɓi Giɗaɗo ne, Basulluɓe, kuma ya riƙe sarautar Durɓi kamar ubansa. Tun daga jihadi sarautar Katsina tana gidan Malam Ummarun Dallaje, ba a zaton za ta fita daga can.

A 1903 Gwamna Lugga ya shigo Katsina. A 1904 Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar suka naɗa Yero, a 1906 kuma suka tuɓe Yero. Razdan Palmer ya riga ya ga himmar Durɓi wajen aiki, saboda haka aka ba shi sarauta. Dallazawa ba su ji daɗin wannan ba. Ya zama tilas sabon sarki ya nuna cancantarsa da aiki, tun da yake bai gaji gadon ba.

Babban abin da ya sāke shi ne sha'anin kuɗin ƙasa. A dā manya da yawa suna zaune cikin birni, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji, abin da ya salwanta a hanya kuwa babu mai lissafinsa. A zamaninsa aka kafa Baitulmali, Katsina tana cikin na farko a Arewa. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Haraji da jangali suka shiga littafi, kashi guda na Gwamnati, kashi guda na En'e. Aka tsara ƙasa gunduma-gunduma, kowane hakimi ya zauna cikin jama'arsa, da malamansa da alƙalinsa.

Amma bai rushe sarautun da ya tarar ba, sai ya ɗora musu sabon aiki. Yandaka, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi, shi ne hakimin Dutsin-Ma. Maraɗi kuwa shi ne hakimin Kurfi. Sunayen na dā ne, amma masu su suka koma aiki da takarda da rasiɗi.

Cikin birni ma unguwanni suka sāke kama. A unguwar Rafukka aka gina Kwalejin Katsina, aka buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Isa Kaita suka fito. A 1938 aka mai da ita Kaduna, daga baya tsohon ginin ya zama gidan adana kayan tarihi.

A 1921 ya tafi hajji, ya bi ta Ingila ya ga Sarki Joji na Biyar. Shi ne sarki na farko a Nijeriya ta Arewa da ya sauke farali yana bisa gado. Mutum ne mai son dawaki ƙwarai, a zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina.

Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gāje shi, sarauta ta tabbata a gidansa. Bayansa ƙasa ta ci gaba da sākewa. Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, aka kafa kwalejin horon malamai mai sunan Isa Kaita a can, a 2011 kuma jami'ar tarayya. Duk da haka sarautar Yandaka da ta Maraɗi ba su gushe ba.

Ma'aikacin da ya rubuta rasiɗi daidai, ya kai kuɗin talakawa inda aka umurta ba tare da ya rage ko anini ba, to tafarkin wannan sarki yake bi. Allah ya jiƙansa, amin.