Usman Nagogo: Sarkin Katsina da ya yi zarra a ƙwallon dawaki

Idan ana maganar wasan ƙwallon dawaki a Najeriya, wanda ake kira folo, sunan da dattawan filin suka fi ambata shi ne na Sarkin Katsina Usman Nagogo, duk da cewa ya rasu fiye da shekara 40 da suka wuce.

An haife shi a Katsina a 1905. Mahaifinsa shi ne Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906. Turawan Ingila ne suka shigo da wasan Legas a 1904, kuma a farko tsakaninsu suke buga abinsu.

Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, shi ya buɗe wa ’yan ƙasa ƙofa. Ya kafa wasan a Katsina, ya sa ’ya’yansa da fadawansa suka koya. Abin bai ba su wuya ba, domin yaron da ya tashi a gidan sarauta, kan doki ya tashi. Sanda da ƙwallo da dokokin wasa ne kaɗai baƙi.

A nan Nagogo ya fita daban. Mutum huɗu-huɗu ake bugawa, kowane zango minti 7, kuma ana auna gwanintar ɗan wasa da maki, mafi ƙololuwa shi ne 10. Yawancin masu wasan a duniya ba sa wuce 2. Nagogo ya kai 7, matakin da har gobe ake buga misali da shi a ƙasar nan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin mulkin mallaka. A ofis, Razdan da Di’o ke ba da umarni. A fili kuwa babu wannan: wanda ya fi iya sarrafa linzami da sanda shi ke gaba, kuma sau da dama ’yan Katsina ne.

Wasa bai hana shi aiki ba. Ya shugabanci ’yan dokan En’e, ya riƙe Magajin Gari, sannan ya gaji mahaifinsa a 1944. Ya shekara 37 a kan karaga, ya ga zamanin Turawa, da samun ’yancin kai a 1960, da mulkin soja. A duk tsawon lokacin bai saki harkar dawaki ba, har ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon dawaki ta Najeriya.

Ya rasu a watan Maris na 1981. ’Ya’yansa sun riƙe gadon: Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi a sarauta, duk sun yi suna a wasan.

Yau ana ci gaba da gasa a Katsina da Kano da Kaduna da Legas, sai dai manyan ’yan wasa sun koma sayen dawakin Ajantina masu ɗan karen tsada. Yaron da ya iya sukuwa a hawan Sallah a Sakkwato ko Daura, amma mahaifinsa ba mai hali ba ne, da wuya ya samu shiga.